An kira ni intabiyun IT a Sharaɗa ranar Talata, me zan shirya?

Fiddausi
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina aji huɗu a sashen injiniyan lantarki, zangon nan ne za mu fita SIWES ɗinmu, wato IT, koyon aiki a masana'anta da ɗalibai ke yi, na wata shida. Wuri bakwai na kai takarda tun watan jiya, shiru, sai ɗazu bayan la'asar aka kira ni daga wani kamfanin roba a Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, wai in je ranar Talata ƙarfe goma na safe za a yi mini intabiyu. Wallahi tunda na ajiye wayar gabana ke faɗuwa. Ni ko a aji sai malami ya kira sunana nake magana. Yau Juma'a, kwana uku ne a tsakani. Me zan karanta? Me zan sa? Me zan riƙe a hannu?

Abba Gwale
Wa alaikumus salam. Barka ƙanwata, Allah ya sa a dace. Kwantar da hankalinki, kiran nan kansa alama ce mai kyau. Wurare da yawa hatimi kawai suke buga wa takarda su ce ki zo ran kaza, in kin je kuma ba mai kallonki, ki yi ta zaman benci har wata shidan ya ƙare. Wanda ya ce sai ya gan ki tukuna, aiki yake da niyyar ba ki. Bari Injiniya Bashir ya hau, fagensa ne.

Injiniya Bashir
Na gani. Fiddausi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin lantarki a masana'antu, tsakanin Bompai da Chalawa, kuma kusan duk shekara ni ake zaunarwa in yi wa 'yan IT tambayoyi. Kada ki ɗauko littattafan aji huɗu ki ce za ki haddace su a kwana uku. Ba wanda zai ce ki warware masa lissafin Laplace a ofishin da ƙarar janareta ke hana mutum jin na kusa da shi. Abin da muke tambaya na aji ɗaya da aji biyu ne, wanda ɗalibai suka ci jarrabawarsa suka watsar.

Ki fara da wutar da ke shiga kamfanin. Daga layin KEDCO, kamfanin raba wutar Kano, take zuwa, ko 33kV ko 11kV, taransfoma ta sauke ta zuwa wajen bolt 400 zuwa 415 tsakanin fes da fes (fes shi ne kowane ɗaya daga layuka uku masu ɗauke da wuta), tsakanin fes ɗaya da nutural kuma wajen 230, a kan 50Hz. Wannan ya zauna a bakinki kamar lambar wayarki.

Kamfanin roba abu biyu ne ke cin wutarsa, hita da ke narkar da robar da kuma moto mai fes uku. To ba makawa sai an tambaye ki sita-delta, hanyar tayar da babban moto a hankali ta sauya yadda aka haɗa koyil ɗinsa. Kada ki tsaya a zana shi, ki san dalilinsa. Babban moto in aka haɗa shi kai tsaye, a lokacin tashi yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya daidaita, ki ga fitilu sun yi rauni, janareta ya yi nishi. In aka tashe shi a sita, kowane koyil wajen kashi 58 cikin ɗari na boltej ɗin yake samu, wutar da yake ja daga layi ta sauko zuwa kashi ɗaya bisa uku. In ya ɗau gudu sai taima ta mayar da shi delta. Ƙarfin juyinsa ma kashi ɗaya bisa uku yake komawa a sita, shi ya sa ba ya dacewa da injin da ke tashi da kaya mai nauyi a kansa. In kika ƙara wannan ta ƙarshen, mai tambayar zai ɗago kai ya dube ki.

Sai bambancin kVA da kW: kVA shi ne dukan ƙarfin da janareta ke ɗauka, kW shi ne wanda ke yin aiki, fawa-fakta kuma adadin da ake ninka kVA da shi a sami kW. Janareta mai 500kVA, in fawa-fakta 0.8 ne, 400kW zai ba ki. Ki iya wannan lissafin da ka.

Ni wani lokaci multimita nake ajiyewa a kan tebur, in miƙa wa yaro batir in ce auna mini. Rabinsu hannu ke rawa ba su san ramin da za su cusa jar waya ba. Ki nemi mita ki riƙe ta a hannu kafin Talata, ko ta mai gyaran rediyon unguwarku ce. Boltej a gefe da gefe ake aunawa, karent kuma sai an yanke layi an sa mitar a tsakani, in ba mai kama waya ba ce.

Tambayata ta ƙarshe kullum ita ce: an ce ki buɗe fanel ki yi gyara, me za ki fara yi? A kashe wuta daga sama, a kulle makashin, a rataya alama kada wani ya zo ya kunna, sannan a auna a tabbatar babu wuta, bayan an gwada mitar a inda aka san akwai wuta. Wanda ya ba ni wannan amsar ina ɗaukarsa ko da ya faɗi sauran.

Fiddausi
Allah ya saka da alheri Injiniya, na kwafe duka a littafi. Sita-delta mun yi shi, amma a takarda, kwantakta, makunnin da ke haɗa moto da wuta, ɗaya ce a lab ɗinmu mu wajen tamanin. Abin da ya fi damuna shi ne in aka tambaye ni abin da ban sani ba gaba ɗaya. Sai in yi yaya?

Injiniya Bashir
Sai ki ce ba ki sani ba. Da bakinki, a fili, ba ki yi shiru kina kallon ƙasa ba. Ki ce "ban taɓa yi da hannuna ba, abin da aka koya mana a aji shi ne kaza, in aka nuna mini zan koya." Koyo kika zo yi, da kin iya ai da ba IT za a ba ki ba.

Shekaru uku da suka wuce wani yaro ya rubuta a CV ɗinsa wai ya iya PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina. Na ji daɗi, na tashi na kai shi gaban fanel na buɗe na ce nuna mini ita. Ya nuna mini taima. Ban ɗauke shi ba, kuma ba don bai san PLC ba, ɗalibai nawa ne suka taɓa ganinta? Na tsorata da shi ne. Wanda zai ce mini ya sani alhali bai sani ba, gobe zai ce mini ya kashe wuta alhali bai kashe ba, ni kuma in sa hannu. A aikinmu ƙarya rai take ci. Duk abin da kika rubuta a CV ki tabbata za ki iya magana a kansa na minti biyu, in ba za ki iya ba goge shi yau.

Anti Rabi
Injiniya ya gama da ɓangaren ilimi. Ni a ofishin kula da ma'aikata nake, bari in taɓa abin da ke kayar da yaranmu, mata musamman, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne.

An tashe mu a kan babba na magana ka sunkuyar da kai, kada ka haɗa ido da shi, kada ka yabi kanka. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma a kanta nake tashin 'ya'yana. Amma a ɗakin intabiyu wanda ke gabanki ba lallai ya karanta ta a matsayin ladabi ba. Kamfanonin Sharaɗa da Bompai da dama na 'yan Labanan ne ko Indiyawa ko 'yan Sin, shugaban sashe kuma yana iya zama daga kudu. In ya ga yarinya kanta a ƙasa, murya can ciki, amsa "e" da "a'a", abin da zai rubuta shi ne ba ta san komai ba. Na sha zama a gefe ina jin zafin abin a raina, yarinya mai sakamako mai kyau a takarda, an ce gaya mana ko ke wace ce, ta faɗi sunanta ta yi shiru tana murza bakin hijabi. Na san tana da abin faɗa, amma ba ni da ikon in faɗa mata a madadinta.

Faɗin abin da kika yi ba yabon kai ba ne. Labari aka tambaye ki, ki bayar. Kuma ba cewa na yi ki ƙura wa mutum ido ba, ki ɗago kai dai, ki dube shi in yana magana, ki ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji.

Ga aikin da zan ba ki daren nan. Ki shirya amsar tambaya uku da Turanci, don da shi za a yi. Ta farko, ke wace ce: suna, makaranta, aji, ɓangaren da kika fi so a kwas ɗinki, da abu ɗaya da kika taɓa yi da hannunki. Minti ɗaya ya isa. Kada ki fara da garin da aka haife ki da firamaren da kika yi. Ta biyu, me ya sa nan kika zaɓa. Kada ki ce don an ce dole mu yi IT, ko don kusa da gida ne, ko da gaskiya ne akwai gaskiyar da ta fi ta: kina so ki ga yadda ake kula da moto da fanel a wurin da injina ba sa tsayawa. Ta uku, me kike so ki fita da shi bayan wata shida.

Kada ki rubuta ki haddace kamar hadda, in kalma ɗaya ta ɓace miki duka za ta rushe. Ki riƙe kanun maganar, ki faɗa da baki sau goma. Ki zaunar da yayanki ko ƙawarki su tambaye ki, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Sauraron farko ba daɗi, amma a nan za ki ji inda kike haɗiye magana.

In kuma ba ki gane Turancin mai tambayar ba, ki roƙe shi ya maimaita. Ba abin kunya ba ne, ya fi ki amsa tambayar da ba a yi miki ba.

Fiddausi
Anti kamar kin san ni. Abu ɗaya da na yi da hannuna kuwa, ban san ko ya kai a faɗa ba. Ni na haɗa ƙaramar sola a ɗakin mamanmu, fanel ɗaya da batir ɗaya da kwantirola, tana ɗaukar fitila uku da fanka.

Anti Rabi
Ya kai mana! Shi ne ma zai zama jigon maganarki. Ki ɗauki hotonsa a waya.

Injiniya Bashir
Ki san wat nawa ne fanel ɗin, batirin nawa ne ƙarfinsa, awa nawa yake kai ku da dare, kuma me ya ba ki wahala a haɗin. In ni ne a kan teburin, a nan za mu ƙare intabiyun, ba zan ma kai ga sita-delta ba.

Sadiq
Ni fa ku yi haƙuri, in faɗi tawa. Duk wannan shirin yana da kyau amma a ƙasar nan wa ka sani ne. Bara wuri goma sha biyu na bi da takardata, ba wanda ya ko amsa sallamata da kyau. Abokina kawunsa ya ɗaga waya sau ɗaya aka ba shi wuri a Abuja. Fiddausi in kina da wanda ya san wani a kamfanin, ki sa a yi miki magana kafin Talata, ya fi miki karatun nan.

Malam Nura
Sadiq, ba zan ƙaryata ka ba, abin da ka gani ka faɗa. Ina cikin masu kula da SIWES a wata kwalejin fasaha, ina ganin yaran da ke dawowa da takardunsu a hannu sun yi laushi don yawo. Guraben sun yi kaɗan. Lokacin da ITF, hukumar gwamnati mai kula da horon aikin masana'antu, ta kafa shirin nan a 1973, shekara biyu bayan kafa ita kanta hukumar a 1971, ɗaliban ba su kai haka ba, masana'antu kuma suna aiki. Ka je Kakuri a Kaduna ka ga masaƙun da suka rufe, ka zaga Bompai ka ƙirga ƙofofin da ke kulle. Yau ɗalibai sun ninka, wuraren sun ragu, dole wanda ke da hanya ya riga.

Amma ka duba maganar da ke gabanmu. Ita ba ta da kowa aka kira ta. Ƙofar ta riga ta buɗe, abin da ya rage shi ne abin da za ta faɗa in ta shiga. Kuma ko wanda aka yi wa hanya, in ya je ba ya tsinana komai, wata shida zai yi yana sayo wa mutane abinci. In tana da wanda zai yi mata magana ba laifi, amma kada ta bar shiri ta dogara da shi.

Fiddausi, ga abin da za ki riƙe. Takardar da ofishin SIWES na makarantarku ya ba ki, ta asali da kwafi biyu. Katin shaidar ɗalibi. CV shafi ɗaya, kada ya wuce, kwafi uku don wataƙila mutum uku ne za su zauna. Hoto fasfo huɗu. Biro da ƙaramin littafi. Ki sa su a fayil, ba a naɗe a jaka tare da caja ba. Lambar wayar da ke kan CV ta zama wadda ke hannunki, adireshin imel kuma ya zama sunanki ne, ba sunan da ƙawaye ke kiranki ba.

Ki san ranar da makaranta ta ce ku fara da ranar da za ku gama, za su tambaya. In sun ɗauke ki, kada ki fito sai kin ji yaushe za ki karɓi takardar amincewa mai hatimi da sa hannu, ita za ki mayar ofishin SIWES. Ki tambayi kuma wanda zai riƙa sa miki hannu a logbuk, littafin da za ki riƙa rubuta aikin da kika yi, duk mako. Akwai fom ɗin fara aiki da ake kai wa ofishin ITF mafi kusa a makonnin farko, da Fom 8 da ake cikewa a ƙarshe. Yara da yawa sai sun gama suke tuna su, su dawo suna bin mutane a sa musu hannu.

Sadiq
Na yarda Malam. Zafin abin ne bai sake ni ba har yanzu. Allah ya ba ta sa'a.

Maman Haidar
Ƙanwata, ni ma lantarki na karanta, na yi IT ɗina a wata masana'anta a Kaduna. Maganar sutura: ki sa abin da kika saba, mai tsabta, a goge, mara ƙyalƙyali. Doguwar riga mara ado ko atamfa mai sauƙin ɗinki, da hijabi madaidaici. Amma takalmi rufaffe, mara tsini. Suna iya cewa zo mu zaga ki ga wurin, kuma ba za a shiga da ke cikin injina da silifas ba.

Sannan ki shirya wa tambayar hijabi, don ni an yi mini ita. Mutumin ya ce yaya za ki yi aiki kusa da bel da moto da wannan mayafin? Ba cin fuska yake yi ba, gaskiya ce, duk abin da ke lilo injin na iya fizgarsa, kuma in ya kama ba ya saki. Na ce masa ina da ƙaramin hijabi mai kama kai da nake cusawa cikin rigar aiki, hular kwano ta hau kai, ba abin da ke reto. Ya ce shi ke nan. Ki faɗi haka tun kafin su yi dogon tunani a kai. Zobe da awarwaro ma ki bar su a gida, ƙarfe ne, ba a shiga fanel da su.

In namiji ya miƙo hannu kuma ba kya musabaha, ki sa hannunki a ƙirji ki ɗan rusuna ki gaishe shi da fara'a. Sun saba, a Kano suke zaune.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ga duk matan zauren nan. Intabiyu a ofis ake yi, a lokacin aiki. Duk wanda ya ce ki same shi a otal, ko a gida, ko bayan magariba, kada ki je, ki kai maganar ofishin SIWES. Ki gaya wa na gida inda za ki da lokacin da ake sa ran ki dawo. Wanda kuma ya ce ki turo kuɗin fom ko kuɗin gurbi ta asusunsa, ɗan damfara ne.

Usman ND
Don Allah in raɓa a nan. Na gama ND, zan yi IT na shekara ɗaya kafin in nemi HND, an kira ni a wani kamfanin sola ranar Alhamis. Kaftani zan sa ko sai na ari kwat?

Abba Gwale
Kar ka ari kwat ɗin kowa ɗan'uwa, in ba ka saba ba za ka yi ta gumi kana gyara wuya. Riga mai maɓalli da wando da rufaffen takalmi sun isa aikin sola. Ƙaramin kaftani a goge da hula ma ba laifi a nan Arewa, amma in suka ce hau tsani mu gani fa? Ni dai riga da wando na ce.

Malam Nura
Kaftanin ma ya yi, Abba. Banki ne kawai zan ce ya nemi taye. Ka yi aski, Usman, ka yanke farce.

Zainab
Ni nawa ta Zoom aka yi mini, wani kamfanin manhaja a Abuja, ko wani zai amfana. Na yi cajin waya da fawa-bank tun dare, na sayi data a layi biyu don in ɗaya ya yanke in koma ɗayan. Na jingina wayar da littattafai daidai fuskata, taga tana gabana ba bayana ba, in tana baya fuskar mutum baƙi take yi. Na roƙi Umma ta riƙe yara a tsakar gida na rabin awa. Duk da haka sai da layin ya yanke ana tsakiyar tambaya. Na koma na ba da haƙuri a jimla ɗaya na ci gaba daga inda na tsaya, ba su ce komai ba. Ku gwada manhajar da wani tun ana gobe, ku duba sunan da ke fitowa a ƙasan hotonku.

Fiddausi
Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage, ina jin nauyinta. Zan iya tambayar ko suna biyan wani abu? Kuɗin adaidaita daga unguwarmu zuwa Sharaɗa kullum ba ƙaramin abu ba ne a gidanmu.

Anti Rabi
Za ki iya, haƙƙinki ne ki sani, amma ba da ita za ki buɗe baki ba. A ƙarshe za su ce kina da tambaya? Kada ki ce babu. Ki fara da ta aiki: wane sashe za a sa ni, wa zan riƙa bi, ƙarfe nawa ake shiga da tashi, ana ba da takalmin aiki da hular kwano ko ni zan saya. Daga nan sai ki ce ko akwai wani tallafi na kuɗin mota da ake ba 'yan IT. Wasu suna bayarwa, wasu abincin rana kawai, wasu ba komai. In sun ce babu, kada fuskarki ta canza a gabansu, ki dawo gida ku yi lissafi da iyayenki.

Malam Nura
Kuma kada ki sa alawus ɗin ITF a lissafin kuɗin motarki. Shekara da shekaru Naira 2,500 aka riƙa bayarwa a wata, kuma ba a hannu ake ba da shi duk wata ba, sai bayan an gama.

Abba Gwale
Ranar Litinin ki je ki ga ƙofar kamfanin da idonki. Sharaɗa kashi-kashi ce, akwai ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kuma ba kowace ƙofa ce ke da allo ba. Masu adaidaita da yawa a bakin titi za su sauke ki, sauran ki taka. Ki duba minti nawa ya ɗauke ki. Ranar Talata ki isa tara da rabi. Ki gaida maigadi da kyau, shi zai nuna miki ofishin, wani lokacin ma shi zai gaya miki wanda za ki gani da irin halinsa.

Fiddausi
Na je yau Litinin Yaya Abba. Da ban je ba da na ɓata, ƙofa biyu ce, ta manyan motoci da ta ma'aikata, kuma ta ma'aikatan a bayan layin take. Minti arba'in daga gida. Maigadin dattijo ne, ya ce in zo da katin makaranta. Mai gyaran fanka na layinmu ya ara mini mitarsa jiya, na auna batir da soket har sai da hannuna ya daina rawa. A sa ni a addu'a.

Maman Haidar
Allah ya ba da sa'a ƙanwata. Ki karya kafin ki fita, ki kashe ƙarar waya tun daga bakin ƙofa.

Fiddausi
Assalamu alaikum, na dawo. Alhamdu lillahi! Mutum biyu ne, wani Ba'indiye da wani injiniya Bahaushe. Mu biyar aka kira, ni kaɗai ce mace. Da aka ce in gabatar da kaina muryata ta ɗan shaƙe a farko, sai na tuna maganar Anti Rabi na ɗago kai. Da na ambaci solar ɗakin mama, Ba'indiyen ya ce in nuna masa hoton, ya tambaye ni me ya sa na sa fiyus tsakanin batir da kwantirola. Mun fi minti biyar a kai. Sun tambayi sita-delta, sun tambayi abin da zan fara yi kafin in buɗe fanel. Maganar hijabi ni na fara kawo ta, injiniyan ya gyaɗa kai.

Ɗaya ce ta kayar da ni. Ya ce moto mai fes uku yana cikin gudu sai fes ɗaya ya ɗauke, me zai faru? Na ce ban sani ba, amma ina zaton tsayawa zai yi, kuma zan so a nuna mini. Ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Sun ce in koma ranar Alhamis in karɓi takarda, in fara ranar ɗaya ga wata. Suna ba da abincin rana da rigar aiki, takalmi ni zan saya.

Anti Rabi
Alhamdu lillahi! Wallahi na ji daɗi har raina. Allah ya sa albarka.

Sadiq
Masha Allah, barka Fiddausi.

Injiniya Bashir
Barka. Ga amsar tambayar, don ranar farko zai iya sake yi miki ita ya ga ko kin bincika. Ba tsayawa yake yi ba, shi ne haɗarin. In yana cikin gudu zai ci gaba da juyawa a kan fes biyun da suka rage, yana gurnani, ƙarfinsa ya ragu, wutar da yake ja a layi biyun ta hau, koyil ya yi zafi har ya ƙone in ba abin da ya katse shi. In kuma a tsaye yake aka kunna shi da fes biyu, ba zai tashi ba, sai dai ya yi ta ƙugi. Shi ya sa ake sa obalod rile, mai katse wuta in moto ya ja fiye da kima, da kuma rile mai lura da ɗaukewar fes a fanel. In kin fara aiki ki roƙi injiniyan ya buɗe miki fanel ɗaya a kashe ya nuna miki su biyun, ki zana su a logbuk ɗinki na makon farko.

Takalmin kuma ki sayi mai ƙarfe a baki, ki ƙara lamba ɗaya a kan wadda kike sawa saboda safa.

Usman ND
Injiniya don Allah ni ma a taimaka mini da na sola kafin Alhamis.

Injiniya Bashir
Turo mini abin da ka rubuta a CV ɗinka tukuna, daga nan za mu fara.